Rasuwar Cokali na Goma Sha Biyu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har babu sauran wurin numfashi, ni Malam Labbo Munzali, tsohon malamin sakandare, haifaffen Argungu, mazaunin Gesse a Birnin Kebbi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da masuntan kogin Rima na sama da na ƙasa, da masu gyaran kifi a bakin kasuwa, rasuwar Cokali na Goma Sha Biyu.

Ranar Talata, tara ga watan Disamba, da hantsi, igiya ta tsinke. Marigayin ya tafi a bakin wani giwan ruwa, a wata kwanar kogi da ke sama da garin Argungu, a gaban shaida ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya rasu yana da shekara ashirin da bakwai a bakin aiki. Ba a ga gawa ba.

Na san akwai waɗanda za su karanta wannan takarda a jikin bango su ce tsufa ya fara taɓa Malam Labbo. Wasu daga cikinsu ni na koya musu karatun da za su karanta ta da shi, don haka ba ni da wanda zan zarga. Ina roƙonsu su daure su kai ƙarshe. Akwai cigiya a ciki, kuma kwana shida kawai suka rage mini.

An haifi marigayin a wata ƙasa da ban sani ba. Ya iso ƙasar Kabi a cikin akwatin surukata, wadda ta sayo shi a Makka tare da 'yan uwansa goma sha ɗaya, ta ajiye su shekara huɗu tana jiran auren 'yarta Ummu Hani. Cokula ne masu nauyi, farare tas, da fure a jikin mariƙinsu. Kafin a kai su ɗakin amarya, tsohuwar ta sa maƙeri ya buga wa kowanne ɗigo uku da ƙusa a bayansa, kamar yadda mata suke yi wa kayan da suka san wata rana za a zo aro. Ku riƙe wannan, domin ita ce shaidar da za a gane shi da ita: ɗigo uku a baya, biyu a sama, ɗaya a ƙasa.

Farkon rayuwarsa ya yi ta ne a cikin kabad mai gilashi. Ba ya fitowa sai ranar Salla ko idan surukai sun zo. Muryarsa a wancan zamani siririya ce, ƙil, ƙil, ƙil, a jikin kofin shayi, sa'ad da Ummu Hani take juya mini sukari tana cewa ya yi yawa ga mai shekaruna. Shekaruna a lokacin ba su kai arba'in ba.

A shekarar 1998 ya sauya sana'a. A ɗakin karatu na makarantarmu na ci karo da wani tsohon littafin Turanci wanda gara ta riga ta karance rabinsa. Yana bayani a kan wani kifi mai ɗigo-ɗigo na kogunan ƙasashen sanyi, wanda ba mu da shi a nan, ba mu ma da sunan da za mu kira shi. Marubucin ya ce ana kama shi ba tare da an sa wa ƙugiya abinci ba. Ƙarfe mai walƙiya ake ɗaurawa, mai siffar bakin cokali, a jefa a janyo, yana juyi a cikin ruwa, sai kifin ya zaci ƙaramin ɗan uwansa ne mai rauni, ya kai masa cafka. Na rufe littafin na yi tunani irin na mutumin da ya yi karatu fiye da aikin hannu. Na ce ai giwan ruwa ma da ido yake farauta, tsage ma haka. Abin da ya ruɗi kifin Turai me zai hana ya ruɗi na Kabi?

Maƙerin da ya yi aikin, Abdussamadu na bakin tsohuwar kasuwa, Allah ya jiƙansa, ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata, domin ya ce bai taɓa ganin an kawo cokali mai kyau irin wannan a ce a sare ba. Na ce na tabbata. Ya datse mariƙin, ya huda rami biyu, ɗaya a kai ɗaya a gindi. A na gindin muka rataya ƙugiya mai baki uku, na naɗa mata jan zare. A na kan muka ɗaura guntun wayar birkin keke, saboda haƙoran tsage suna yanke igiya kamar reza. Mariƙin mai fure ya faɗa cikin tarkacen maƙera, ban sake ganinsa ba.

Ranar da na fara kai shi kogi, masunta sun bar aikinsu sun zo kallo. Ni ba ɗan masunta ba ne, ubana ɗinki yake yi, don haka ganina da igiya kaɗai ya isa abin dariya, balle ga cokali. Wani ya tambaye ni ko kunu na zo dama wa kifi. Wani ya ce a kawo mini kofi da biredi in cika ladan. Sunusi, wanda a lokacin saurayi ne mai sabon jirgi, yanzu kuma gemunsa ya yi fari kamar nawa, shi ya ɗauke ni, ba don ya yarda ba, sai don ya samu labarin da zai bayar da yamma. A jifa ta tara wani tsage ya kusa fizge mini yatsa. A kan hanyarmu ta komawa babu wanda ya ƙara ambaton biredi.

Marigayin ya kasance mai sauƙin hali. Bai taɓa neman a haƙa masa laka kamar tana ba. Ba ya wari kamar hanjin kaza, ba ya narkewa kamar sabulun da ake yi wa tarwada tarko da shi, ba ya jiran damina kamar gina, wato shinge. Abincinsa toka da lemon tsami, a goge shi da tsumma har ka ga fuskarka a ciki, a kife. Yana da lokacinsa, kuma ba ya ketare shi. Da damina, sa'ad da Rima take ja kamar kunun kanwa, ba ya aiki, domin kifin da ba ya gani ba ya ruɗuwa. Sai bayan kaka, ruwa ya ja baya ya kwanta, an yanke shinkafa a fadama, sannan yake fitowa daga gwangwaninsa.

Ba na amfani da sanda. Igiyar a jikin gwangwanin madara nake naɗe ta. In wulwula marigayin sau uku a gefena, in sake shi can sama da inda ruwa yake juyawa a gindin kututture, igiya tana warwarewa daga gwangwani, fir-r-r. Sai ka ji tsulum. Ba ƙara irin ta dutse ba, ƙaramar sallama ce ta mai ladabi. In ƙirga biyar ya nutse. Sannan in janyo a hankali, in tsaya, in sake janyowa. A wannan tsayawar asirin yake. Lafiyayyen kifi ba ya tsayawa, mai rauni ne yake tsayawa, kuma a nan ake kai masa hari. Na koya wa mutum goma sha wannan, babu wanda ya iya, domin duk gaggawa gare su. Da yawansu sun koma wa raga mai ƙananan ido wadda take kwashe uwa da jikoki, wasu ma sun koma zuba magani a ruwa. Allah ya shirye su, ko ya kai su inda za su sha ruwan.

A taƙaice, aikin marigayin ƙarya ne. Yana shiga ruwa ya nuna shi abin tausayi ne, alhali ƙugiya ce a gindinsa. Sai dai shi kifi kaɗai ya taɓa yi wa ƙarya. Ban isa in faɗi haka a kan mai shi ba.

Wajibi ne a nan in yi bayanin yadda marigayin ya bar kabad, domin sanarwar rasuwa da ta ɓoye asalin mamaci ba ta cika ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Malam Bayo, Allah ya jiƙansa, da matarsa Yejide, wadda duk unguwa take kira Maman Femi. Mutanen Ogbomosho ne, sun zo Birnin Kebbi tun ana sabuwar jiha, tana sayar da atamfa a kasuwa. Ita da Ummu Hani ba ƙawaye za a kira su ba, abin ya wuce nan. A jikin katangar akwai wani wuri da bulo ɗaya ya fita, ba a taɓa gyara shi ba, domin ta nan kwano yake wucewa. Tuwon shinkafa ya tafi, amala ta dawo. Sa'ad da Ummu Hani take naƙudar autarmu Sharifa, ina Argungu wajen jarrabawa, Maman Femi ce ta goya ta a zahiri har bakin titi ta tare mota. Ummu Hani ba ta taɓa ba kowa aron cokulan nan ba, har ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya. Amma da Maman Femi ta haihu, za a yi suna, baƙi za su zo daga kudu, ita da kanta ta fito da su ta miƙa ta wurin bulon.

Washegarin suna Maman Femi ta dawo da su a cikin kwanon sha, a wanke, a goge, an rufe da farin ƙyalle. Ummu Hani ta tafi Zauro gaisuwar mutuwa. Ni na karɓa a ƙofar gida. Kwana uku ke nan da na karanta littafin nan, ina ta auna cokulan gidanmu da ido, duk sun yi shara-shara, ba za su nutse ba. Na ɗaga ƙyallen. Na ɗauki ɗaya na auna a tafin hannu. Na ce a raina da yamma zan gaya mata, ai kayan matata ne, ba na wani ba. Na hau babur na nufi maƙera.

Da na dawo na tarar ta baje su a kan tabarma tana ƙirgawa, ta kai ƙarshe ta sake komowa farko. Fuskarta ba ta fushi ba ce. Da fushi ne da na iya da shi. Fuskar wadda aka taɓa mata uwa ce, domin tsohuwar ba ta cika shekara da rasuwa ba. Ta ɗago ta tambaye ni ko na ga ɗaya ya faɗi a zaure. Marigayin yana cikin aljihuna, ba mariƙi, da rami biyu a jikinsa, da sauran ɗumin maƙera. Ni da na shekara ina koya wa yara bambancin gaskiya da ƙarya a cikin insha'i, na buɗe jarida na ce:

"Ki tambayi wadda ta ara."

Kalma biyar. Na ƙirga su sau da yawa tun daga ranar.

Ta je ta tambaya, cikin ladabi, wai ko ya ɓuya a cikin kayan baƙi. Maman Femi ta ce ta ƙirga su sau biyu kafin ta rufe, sha biyu cif, kuma a hannun Malam ta danƙa. Ina jin su ta katanga. Sai na ji muryar matata ta sauya, ta ce, "To, mijina ne ɓarawo ke nan?" Maman Femi ta ce ba ta faɗi haka ba. Ummu Hani ta ce ai ba sai ta faɗa ba. Ina zaune da jarida a kife a hannuna, ina sauraron mace tana kare mutuncina da abin da ya fi komai tsada a wurinta.

Bayan kwana biyu Maman Femi ta aiko da sabon cokali, mafi kyawun da ta samu a kasuwa. Ummu Hani ta mayar, ta ce ba cokali ta rasa ba. A wannan makon Malam Bayo ya kira magini ya toshe wurin bulon. Ba a yi faɗa ba, ba a yi zagi ba. An ci gaba da ina kwana da ina wuni, da barka da Salla daga nesa. Amma magana ta zaga unguwa, kamar yadda take zagawa, kuma na san akwai gidajen da suka daina ba Maman Femi aron ko da ludayi. Ba ta taɓa kallona ta ce komai ba. Duk safiya in na fito da babur takan ce, Malam, a dawo lafiya. Na fi son a ce ta tofa mini yawu.

Kullum ina cewa gobe. Da farko na ce sai zuciyarta ta huce. Daga baya na ce abin ya daɗe, tayar da shi zai fi barinsa ciwo. Daga baya kuma, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, na ji tsoron idan na faɗa za a karɓe mini shi, alhali yana kama kifi. Shekara ashirin da huɗu Ummu Hani tana cin abin da cokalin uwarta ya kamo. Takan yi farfesun kan giwan ruwa da albasar Argungu, ta ce duk garin nan babu mai sa'ar mijinta. Ta taɓa tambayata me nake sa wa ƙugiya. Na ce wani ƙarfe ne na Turawa. A gidan Sunusi nake barin gwangwanin, bai taɓa kwana a Gesse ba sai bayan ranta.

Shekara uku da suka wuce, a gadon asibiti, ana saura kwana biyu ta cika, da rana tsaka, Sharifa ta fita sayo ruwa, Ummu Hani ta kama hannuna, daidai yatsan da igiya ta yi wa kanta, ta ce:

"Malam, anya ban zalunci matar ga ba?"

Na san wace mata. Na gyara mata matashi. Na ce ta huta, likita ya hana ta yawan magana.

Da ta rasu, Maman Femi ce ta fara shigowa, kafin dangi su iso daga Argungu. Kwana uku tana bakin murhu tana dafa wa masu gaisuwa abinci. Da za ta tafi ta wanke komai, ta kira Sharifa ta sa ta ƙirga kwanuka da cokula a gabanta, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗauki mayafinta. Ina kallo daga zaure. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, ban taɓa cin karo da hukunci mai tsanani irin wannan ba.

Game da jinyar marigayin, ya daɗe yana fama. Haƙoran tsage sun yi masa zane ko'ina, gefensa ɗaya ya lotsa tun shekarar da ya daki dutse a ƙasan gada, ramin kansa ya faɗaɗa har waya tana wasa a ciki. Amma ba waɗannan suka kashe shi ba. Igiyar ce. Tun rasuwar Ummu Hani ban sauya ta ba. Ta yi gashi, ta yi fari, Sunusi ya yi mini magana ya fi sau goma. Sharifa ma ta aiko mini da sabuwa daga Kaduna, tare da wasu kifayen roba masu idanu da ƙararrawa a ciki, waɗanda ta saya ta waya. Na gwada su sau ɗaya. Kifin Rima ya zo ya duba, ya juya ya tafi, kamar yadda sufeto yake duba rajistar malamin da bai shirya ba. Sabuwar igiyar tana nan a cikin ledarta.

Ranar Lahadi waccan na ga ana fito da katifu a gidan Maman Femi. Femi, wanda yanzu magidanci ne a Ibadan, ya zo tafiya da uwarsa. Ya ce ƙafafunta sun gaji, ba mai kula da ita a nan, an sayar da shagon, mota za ta zo ranar Asabar ashirin ga wata. Na shiga ɗaki na zauna. Na yanke shawara, kuma Allah ya sani na yanke ta da gaske: zan goge marigayin da toka, in cire masa ƙugiya, in je in sa shi a tafin hannunta, ɗigo uku suna sama. Ba sai na yi dogon jawabi ba. Ita da ta wanke shi da hannunta za ta gane shi.

Na goge shi ranar Litinin. Ya yi kyau irin wanda bai yi ba a shekara goma. Na ɗauko filaya zan cire ƙugiyar, sai na tsaya. Ruwa ya kwanta a makon nan, ya yi garau, irin wanda ake jira shekara guda. Na ce shekara ashirin da bakwai yana aiki, a raba shi da kogi ba sallama? Jifa ɗaya. Ta bankwana. In dawo kafin azahar in shiga gidan Maman Femi da la'asar.

Duk mai fatsa da yake karanta wannan ya san babu wani abu wai shi jifa ɗaya. Amma wallahi a ta farkon aka ɗauka. Ya faɗa, tsulum. Na ƙirga biyar. Na janyo, na tsaya. Sai igiya ta yi nauyi kamar na maƙalo gindin kogin, sannan gindin kogin ya fara tafiya. Gwangwani ya yi tsalle daga hannuna, Sunusi ya tare shi da ƙafa. Kifin ya ja jirgin da mu biyu a ciki, ya kai mu gaɓar can ya dawo da mu. Igiya ta yanka yatsana har jini yana ɗiga a ruwa, ban ji ba. Ina jin gashin igiyar yana wucewa ta hannuna, ina sanin kowane wuri mai rauni kamar yadda na san ramukan hanyar Argungu. Ban roƙi Allah kifin ba. Na ce ya Rabbi, ya tofar, ya tofar kawai, na yafe.

Wajen rabin sa'a muna haka. Daga nan ya taso. Ban taɓa ganin irinsa da rai ba, tsawonsa ya kai na mutum, idonsa kamar garwashi. Ya fito da rabin jikinsa sama, ya buɗe baki ya girgiza kai, sai na ga marigayin a kusurwar bakinsa ta hagu, rana ta dake shi, yana walƙiya. Na ji muryarsa ta ƙarshe, yana bugun ƙashin kumatun kifin. Ƙil, ƙil, ƙil. Irin ta kofin shayi.

Sai igiya ta dawo mini ba nauyi.

Sunusi ya daɗe yana kallon inda ruwa ya rufe. Ya ce, "Malam, wanga ya tahi ke nan." Ya nuna yadda igiyar ruwa ta bi, ya ce ƙasa ya nufa, wajen Matan Fada, kuma tsoho irin wannan ya san abin da yake yi, domin can ne ba a taɓa shi. Kowa ya san ba a jefa ƙugiya ko raga a ruwan nan sai ranar bikin kamun kifi. Na je wurin dattawan da suke kula da ruwan, na tsuguna, ni da ban iya tsugunno ba saboda gwiwa. Sun saurare ni da mutunci, sun ba ni ruwa na sha, sun ce al'ada ba ta san cokali ba, in jira biki. Gaskiyarsu ce. Ban ce musu biki sai bayan wata biyu ko uku, motar Ibadan kuwa ranar Asabar ba.

Kwana huɗu muna bin kogi ni da Sunusi, daga inda aka halatta zuwa inda aka halatta, muna duba gindin kowane kututture, ko ya goge shi a jiki ya yar. Mun samo takalmi, da ragar sauro, da wata tukunya. Na kira Sharifa a waya na gaya mata komai, karo na farko da wani ɗan Adam ya ji daga bakina. Ta saurare ni har na kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Baba, ai ba cokali Maman Femi take jira ba. Baki gare ka." Na ce mata bakin nan shekara ashirin da bakwai yana tare da ni, ban ga abin da ya tsinana ba. Shi ya sa nake son abin da zan riƙe a hannu.

Marigayin ya bar 'yan uwa goma sha ɗaya a cikin kabad a Gesse, waɗanda ba a sake cin abinci da su ba tun 1998. Ya bar gwangwanin madara guda, da igiya kamu arba'in wadda ta ci amanarsa, da tabo a yatsan dama. Ya bar bulo ɗaya a jikin katanga wanda launinsa ya bambanta da sauran. Ya bar wata tsohuwa mai ciwon ƙafa da ake yi wa kallon da ba ta cancanta ba, da wani tsoho da ake gaisarwa da girmamawa a masallaci.

Ga cigiyar. Ina roƙon duk masuncin da ke tsakanin Argungu da Zauro har zuwa inda kogin nan ya ƙare, da masu saye a bakin ruwa, da masu banda, da duk matar da za ta sa wuƙa a cikin giwan ruwa a makon nan: ku duba bakin, gefen hagu. In babu, ku duba ciki. Ba na son kifin, ku ci, Allah ya sa albarka. Bakin cokali ne ba mariƙi, da jan zare, da ɗigo uku a baya. Wanda ya kawo shi kafin Juma'a ya ɗauki babur ɗina, ya haɗa da littattafan in yana da inda zai zuba su. Ko cikin wane hali yake a kawo. Ko ya lanƙwashe, ko rabi ne. In dai ɗigon suna nan.

Game da jana'iza, ba za a yi wanka ba, marigayin yana cikin ruwa. Ba za a yi salla ba, na san hukunci, kada wani ya wahalar da kansa ya zo yi mini wa'azi. Za a yi zaman karɓar gaisuwa a ƙofar gidana daga Laraba zuwa Juma'a, bayan la'asar. Babu shayi, domin babu abin juyawa da zan iya kallo. Masu zuwa su ce ai cokali ne kawai, su huta a gidajensu, na karɓi gaisuwarsu daga nan.

Ranar Juma'a, sha tara ga wata, da ƙarfe biyar na yamma, ko an samu gawa ko ba a samu ba, za a fito da 'yan uwan marigayin goma sha ɗaya a cikin kwanon sha, a rufe da farin ƙyalle. Ni zan ɗauka, ba na neman mai kama mini. Za a bi ta ƙofar gida, a juya dama, taku ashirin da biyu, zuwa ƙofar Maman Femi. Na rubuta rana da lokaci a nan ne, na kuma sa an manna a masallaci da bakin kasuwa, domin na san halin mai ɗaukar. In biyar ta yi ba ku gan shi ba, ku shigo ku fito da shi. Ana gayyatar duk matan unguwar da suka taɓa hana ta aron ludayi su tsaya inda za su ji. Abin da za ta yi da kwanon, da ni, nata ne. In ta rufe ƙofa, ta yi daidai.

Daga nan mai ɗaukar zai wuce maƙabarta shi kaɗai, hannu wofi, wurin wadda ba a manna wa takarda.

Ummu Hani, kin yi mini tambaya na gyara miki matashi. Sha biyu ta kawo, cif, a wanke, a goge. Ba ke kika zalunce ta ba. Ni na ɗauka.